Darasi na 9: Noman Filayen Hukuma da Ke Zaune Banza Don Ciyar da Mabukata

Manufofin darasi

Idan kun kammala wannan darasi, ana sa ran za ku iya:

1. bambance filin da ke zaune banza da filin da ke da aikinsa ko da babu gini a kai;
2. bayyana yadda wasu birane suka noma filayensu a lokacin yunwa, da abin da ya sa wani shirin ya ɗore wani ya watse;
3. faɗin abubuwan da takardar aron fili za ta ƙunsa;
4. gane ƙasa da ruwan da ke da haɗari ga mai ci;
5. lissafa faɗin fili, yawan fangali da ruwan da za a sha a rana;
6. tsara rabon amfanin gona yadda zai kai ga wanda aka yi dominsa.

1. Wane fili ake nufi?

Babu garin da ba shi da irinsu. Akwai bayan ajujuwan makarantar firamare, inda ciyawa ke kai wa ƙugu da damina. Akwai gefen layin dogo. Akwai filin da aka kewaye tun shekarun baya da niyyar gina asibiti ko kasuwa, aka kafa allo, kuɗi suka yanke, allon ya yi tsatsa har rubutun ya goge. Waɗannan filaye na jama'a ne, hukuma ke riƙe da su, kuma galibi abin da suke haifarwa bai wuce sauro da macizai da bola da maɓoyar ɓata-gari ba. Daga bayan katangar kuwa ga gidajen da ake ɗora tukunya ba a san da me za a kaɗa miya ba.

Sai dai a kula. Ba kowane filin da ido ya gani fayau ne yake zaman banza ba. Burtali hanyar dabbobi ce, wanda ya shuka shi ya sayi rigima da kuɗinsa. Filin Idi yana da ranarsa, maƙabarta tana jiran masu ita, filin ƙwallo shi ke ɗebe wa yaran unguwa kewa. Hanyar ruwa kuma takan yi wata tara a bushe, ranar da ta tashi karɓar abinta ba ta sallama. Saboda haka tambayar farko ba ita ce ko filin zai yi albarka ba. Tambayar farko ita ce: wa ke amfani da shi yanzu, a wane lokaci, kuma wa ke riƙe da shi a hukumance?

> Kalmomin da za a riƙe
> Filin hukuma: filin da ke hannun gwamnatin tarayya, ta jiha, ƙaramar hukuma ko wata ma'aikata, ba na mutum ɗaya ba.
> Filin da ke zaune banza: filin da babu mai amfani da shi a kowane lokaci na shekara, kuma ba a shirin fara aikin da aka tanade shi dominsa nan kusa.
> Noman cikin gari: shuka abinci a cikin gari ko a bakinsa, a lambu, a fangali ko a buhu.

2. Detroit, 1894: dankalin magajin gari

A 1893 tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Bankuna suka rufe, masana'antu suka sallami ma'aikata, asusun taimakon talakawa na birnin Detroit ya ƙare. Magajin garin a lokacin, Hazen Pingree, mai masana'antar takalma ne. Ya duba ya ga birnin cike da filayen da babu komai a kansu, yawancinsu na masu kuɗin da suka saya suka ajiye suna jiran farashi ya tashi. Sai ya roƙi a ba shi aronsu, a yanka wa marasa aikin yi su shuka. Mutane da yawa sun yi masa dariya, suna cewa talakan birni ba zai duƙa ya yi noma ba. Da gudummawar da ya nema ta ƙi taruwa, ya sa aka yi gwanjon dokinsa aka zuba kuɗin a shirin.

A 1894 iyalai 945 suka noma eka 430. Dankalin Turawa ya fi yawa, sai wake da sauran kayan lambu, kuma darajar abin da aka girbe ta ninka kuɗin da aka kashe sau da dama. Wasu biranen Amurka suka kwaikwaya. Amma da kasuwa ta farfaɗo, ma'aikata suka koma masana'antu, masu filaye suka karɓe abinsu, shirin ya mutu a farkon ƙarni na 20.

Dattawan cikinku za su tuna makamancin wannan a gida. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa, aka yi ta kiran makarantu da ma'aikata su shuka bayan gida da duk filin da suka samu. Bai wuce 'yan shekaru ba aka maye gurbinsa da wani.

Misali na 1. Nawa kowane iyali ya samu a Detroit? A raba eka 430 gida 945, zai ba da kusan rabin eka. Eka ɗaya murabba'in mita 4,047 ce, don haka rabon iyali ya kama kimanin murabba'in mita 1,840. Idan kuna son ku gan shi a ido, fuloti mai ƙafa 50 da 100 yana da murabba'in mita 465. Ke nan kowane iyali ya sami kusan fuloti huɗu.

3. Rosario, 2002: inda abin ya zauna

Rosario birni ne a bakin kogin Parana a ƙasar Ajantina, mai mutane kimanin miliyan ɗaya. Masu kallon ƙwallo sun san shi, garin su Messi ne. A ƙarshen 2001 tattalin arzikin ƙasar ya rushe. Gwamnati ta ƙayyade abin da mutum zai cire daga asusunsa na banki, darajar kuɗin ƙasar ta zube, masana'antu suka rufe. A Rosario kimanin mutum shida cikin goma sun shiga talauci, har yunwa ta kai wasu ga fasa kantuna.

A watan Fabrairun 2002 hukumar birnin ta buɗe shirin noman cikin gari, da haɗin gwiwar wani shirin lambuna na gwamnatin tarayya mai suna Pro-Huerta da wata ƙungiyar masana noma ta garin. An tanadi iri da kayan aiki don ƙungiyoyi 20 kacal. Ba a jima ba suka kai wajen 800. Har zuwa nan labarin bai bambanta da na Detroit ba: yunwa ta zo, an raba fartanya. Bambancin yana cikin abin da ya biyo baya.

Da farko an ƙidaya filayen. Jami'ar birnin ta yi bincike ta gano cewa kashi 36 cikin ɗari na ƙasar birnin babu komai a kai. Daga ciki aka ware waɗanda ba za a iya gini a kansu ba: gefen layin dogo, gefen manyan tituna, kwarin da ruwa ke kwanciya, da wuraren da aka tanada don shaƙatawa amma kuɗin gyara su ba su samu ba. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma ita ce ta fi cancanta a kwaikwaya. Filin da ke tsakiyar kasuwa gobe wani babba zai sa masa ido. Wanda ruwa ke kwanciya a kansa kuwa ba mai ƙyashin a noma shi, ga shi lambun yana shanye ruwan da da zai shiga gidajen mutane.

Sai kuma doka. A watan Satumban 2004 birnin ya amince da ƙa'idar da ta sauƙaƙa ba mazauna gari izinin noma filayen da ke zaune banza a rubuce. Daga baya aka shigar da lambunan cikin taswirar tsarin birni, aka mayar da wasu manyan filaye lambunan shaƙatawa, inda ake noma a gefe, yara na wasa a gefe. An kuma sharɗanta cewa ba a zuba maganin ƙwari na kanti ko takin zamani, sai takin gargajiya. Aka buɗe wa manoman kasuwannin mako a cikin gari, inda suke sayarwa da hannunsu ba tare da dillali ba.

Da tattalin arziki ya gyaru, a nan ma da yawa sun koma ayyukansu na da. Zuwa 2013 manoman da suka rage kimanin 400 ne, kusan biyu bisa ukunsu mata. Amma lambunan ba su koma juji ba, domin takarda na bayansu kuma kasuwa na gabansu. A 2021 shirin ya ci wata babbar kyautar birane ta duniya, lokacin ana samar da kusan tan 2,500 na kayan lambu da 'ya'yan itace a shekara.

Misali na 2. Mutum nawa tan 2,500 zai wadatar? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana. A shekara: 400 × 365 = giram 146,000, wato kilo 146. Tan 2,500 kuwa kilo 2,500,000 ne. A raba 2,500,000 da 146, zai ba da mutum 17,000 da ɗoriya.

Ku dubi wannan lissafi da kyau. Birni mai mutum miliyan ɗaya, shirin da duniya ta yaba, amma abin da ya fitar na mutum dubu goma sha bakwai ne. Lambun cikin gari ba ya maye gurbin gero da dawa da masarar da ke zuwa daga karkara, kuma duk wanda ya ce muku zai kawar da yunwar gari da filin makaranta ya yi ƙari. Abin da lambu ke yi shi ne ya ɗauke wa gida kuɗin cefane, ya sa ganye a miyar yara, ya kawo ɗan cinikin da za a auno hatsi da shi. Ga gidan da ke kwana da yunwa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

4. Takardar izini

A 1994, bayan tarzomar da ta girgiza birnin Los Angeles na Amurka a 1992, hukumar birnin ta ba wata cibiyar raba abinci ga mabukata izinin noma wani fili mai eka 14 a kudancin birnin. Kimanin iyalai 350 suka shiga, yawancinsu 'yan ci-rani daga Meziko da maƙwabtanta. Suka kwashe tarkace, suka gyara ƙasa, suka shuka masara da kayan miya da itatuwan marmari da na magani. Izinin da aka ba su irin wanda hukuma ke iya janyewa ne duk ranar da ta so. A 2003 birnin ya sayar da filin ga tsohon mai shi. A watan Yunin 2006 jami'an tsaro suka fitar da manoman, wata na gaba katafila ta bi ta kan shukar. Wahalar shekara goma sha biyu ta tafi cikin 'yan kwanaki.

Manomi ya san abin da wannan ke nufi tun kafin a yi masa bayani. Wanda aka ba aron gona bai san ko baɗi tasa ce ba, ba zai kai mata taki ba. Zai shuka, ya kwashe abin da ya samu, ya bar ta a gajiye. Haka abin yake a filin hukuma. Ba wanda zai haƙa rijiya ko ya ɗauko mangala hamsin ta taki bisa alkawarin baka na shugaban makarantar da ana iya yi masa canjin wurin aiki a ƙarshen zango.

Wa ke da ikon ba da izini? A Najeriya dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amana ga jama'a. Filayen cikin birni suna ƙarƙashin gwamna, na wajen birni suna ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Filayen da gwamnatin tarayya ko hukumominta ke riƙe da su, kamar na jirgin ƙasa da barikin soja, nasu ne, a wurinsu ake nema. A Nijar kuwa, ban da ofishin magajin gari, akwai kwamitocin kula da ƙasa da aka kafa ƙarƙashin dokar karkara ta 1993. Mai unguwa da dagaci shaidu ne masu muhimmanci, da su za a shiga kowane ofis, amma amincewarsu kaɗai ba ta isa a kan filin ma'aikata ba.

Masu karatun fiƙihu a cikinku sun san babin raya mataccen fili. A mazhabar Malikiyya, filin da ke kusa da gari ba a raya shi sai da izinin shugaba, saboda haƙƙin jama'a da ke rataye da shi. Doka da addini sun haɗu a nan: kada a wayi gari a shiga fili da garma don kawai niyya mai kyau ce.

> Kalmomin da za a riƙe
> Aron fili: izinin amfani da fili na wani lokaci, ba tare da ya zama mallakar wanda aka ba ba. Ba a sayar da shi, ba a jinginar da shi, ba a gadonsa.
> Wa'adi: adadin shekarun da aron zai yi.
> Sanarwar tashi: lokacin da hukuma za ta ba manoma kafin ta karɓi filinta.

Takardar ta faɗi wanda ya bayar da matsayinsa, da ƙungiyar da ta karɓa. Ta faɗi iyakokin filin ta gabas da yamma, kudu da arewa. Ta faɗi wa'adi. Shawararmu ita ce kada ku karɓi ƙasa da shekara uku, domin shekarar farko takan tafi ne a kwashe leda da kwalabe da gyaran ƙasa. Ta faɗi abin da aka hana, kamar gini da dasa manyan itatuwa, da makomar rijiya ko shinge idan wa'adi ya cika. Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne cewa ba za a tashi manoma da shuka a ƙasa ba, sai sun girbe. Idan an ƙi sa wannan, ku nemi wani filin. A yi kwafi uku: ɗaya a ofis, ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya hannun sakataren ƙungiya.

5. Ƙasa da ruwa: kada a ciyar da talaka guba

Ƙasar cikin gari ba irin ta gonar ƙauye ba ce. Kafin a sa fartanya, a tambayi tsofaffin unguwa me aka taɓa yi a wurin. Inda aka yi garejin motoci, ko aka riƙa fasa tsohon batir, ko ƙona tayoyi da wayoyin lantarki, ko zubar da sharar asibiti da ta masana'anta, ƙasar na iya ɗauke da dalma da wasu ƙarafa masu guba. Ba a ganinsu, ba a jin warinsu. Mun ga aikin dalma a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya da ake daka su a cikin gidaje ta kashe yara ɗaruruwa. Ko ba ta kashe ba tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Kayan ganye da masu saiwa, irin su alayyafo da latas da karas, sun fi ɗaukar wannan haɗari a kan masu 'ya'ya kamar tumatir da kuɓewa. Idan akwai shakka, a kai samfurin ƙasar sashen nazarin ƙasa na jami'a ko kwalejin aikin gona mafi kusa.

Mutanen Habana, babban birnin Kyuba, sun sami mafita ga ƙasar da ba ta da kyau. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, man fetur da takin zamani da abincin da ake shigo musu da su suka yanke. Gwamnati ta ba mutane aron filayen cikin birni, da yawansu cike da ɓaraguzan gini. Sai suka riƙa jera bulo ko duwatsu su yi dogon fangali mai tudu, su cika shi da ƙasa mai kyau haɗe da ruɓaɓɓen taki, su shuka a ciki. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya yin haka da buhu: a cika shi da ƙasa da taki, a huda gefensa, a dasa.

Ruwa ya fi ƙasa wuyar sha'ani. A Kano an daɗe ana noman rani a bakin rafin Jakara, latas da kabeji da alayyafo da karas, kuma mutane da yawa da shi suke riƙe gidajensu. Amma ruwan Jakara ruwan kwatamin birni ne, rafin Getsi kuma yana kawo masa dagwalon masana'antun Bompai. Dattin ruwa iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ƙwayoyin cuta na ruwan kwata ana rage haɗarinsu: a zuba ruwan a gindin shuka ba a kan ganye ba, a daina ban ruwa da shi 'yan kwanaki kafin girbi, a wanke da ruwa mai tsabta, a dafa. Gubar ƙarfe ta ruwan masana'anta kuwa wuta ba ta kashe ta, ko an kwana ana tafasawa. Lambun da aka kafa don ciyar da mabukata bai kamata ya kusanci irin wannan ruwa ba ko kaɗan.

Misali na 3. A ƙaddara wata ƙungiyar unguwa mai gidaje 20 ta sami aron fili a bayan makaranta, tsawonsa mita 40, faɗinsa mita 30.

Faɗin filin duka: 40 × 30 = murabba'in mita 1,200.
A cire kashi ɗaya cikin biyar na hanyoyi da ramin taki: 1,200 − 240 = 960.
Idan kowane fangali mita 10 ne a tsawo, mita 1.2 a faɗi, yana da murabba'in mita 12. Fangalin da za a samu: 960 ÷ 12 = 80.

Me ya sa mita 1.2? Domin hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka shuka ba.

Yanzu ruwa. A ƙaddara da rani kowane murabba'in mita yana shan lita 5 a rana, ko da yake da bazara yakan wuce haka. 960 × 5 = lita 4,800. Jarka mai lita 25 guda nawa ke nan? 4,800 ÷ 25 = 192. Idan kurar mai ruwa tana ɗaukar jarka 12, sawu 16 ke nan kowace rana. Ku ninka da kuɗin kura a unguwarku, za ku ga cewa sayen ruwa zai cinye ribar tun kafin alayyafo ya yi ganye huɗu. Ƙungiyar da ba ta da rijiya ko burtsatse kusa gara ta tsaya a noman damina, ko ta fara da fangali goma ta ga yadda hali zai yi.

6. Wa zai ci?

Nan ne ƙungiyoyi suka fi watsewa, kuma ba a lokacin wahala ba, a lokacin girbi. Don haka a yanke maganar rabo tun ba a shuka ba, a rubuta, a karanta wa kowa a bainar jama'a.

Wasu kan yi gayya su noma filin duka tare, su raba bisa kwanakin da kowa ya yi aiki. Wannan yana bukatar sakatare mai gaskiya da littafin da ba a ɓoye shi, in ba haka ba mutum biyar za su yi ta ban ruwa, ranar girbi a ga mutum talatin da kwanduna. Wasu kan yanka wa kowane gida nasa fangalin, abin da ka shuka shi za ka tsinka. Wannan ya fi zaman lafiya, amma yana barin waɗanda suka fi kowa bukata a waje: tsohuwar da ba ta iya duƙawa, mara lafiya, marayu ƙanana. Mun fi ganin dacewar a haɗa biyun.

Misali na 4. A fangali 80 na misalin baya, a ba gidaje 20 uku-uku, 60 ke nan. A ware 12 a noma su da gayya, amfaninsu na waɗanda ba sa iya aiki ne. Sauran 8 a sayar da abin da suka ba da a zuba a asusun iri, gyaran shinge da kayan aiki. Kason marasa ƙarfi: 12 cikin 80, wato kashi 15 cikin ɗari.

A zaɓen gidajen da za su shiga, a sa ido sosai. Da zarar fili ya yi kore, masu hali za su fara aiko da sunayen yaransu, ɗan siyasa ya nemi a liƙa hotonsa a ƙofa. A bar mai unguwa da liman da shugabar mata su fitar da sunaye, a karanta su a gaban jama'a, wanda ke da ja ya yi magana a wurin. Matan da ba sa fita kuma kada a manta da su. Suna iya renon irin tumatir da tattasai a gida kafin a dasa, suna iya shanya kuɓewa da yin kauɗa lokacin da kaya suka yi yawa farashi ya faɗi, kuma kasonsu ya zo daidai da na mai riƙe da fartanya.

Game da abin da za a shuka, a fara da wanda ke saurin kawo amfani kuma ana cinsa kullum. Alayyafo yana isa tsinka cikin mako uku zuwa huɗu. Yakuwa da rama da kuɓewa da wake ba su da wahalar reno. Zogale a jera shi a jikin shinge idan takardar aro ta yarda. Abin da za a sayar kuma a san mai saye tun daren jiya, domin ganyen da aka tsinka da asuba ba ya kai la'asar da kyansa.

> Kalmomin da za a riƙe
> Fangali: yankin lambu da aka daidaita aka yi masa iyaka don ya riƙe ruwa.
> Ruɓaɓɓen taki: ganye, ɓawon kayan miya, toka da kashin dabbobi da aka tara suka ruɓe. Ba a sa leda, batir ko kwalba a ciki.
> Asusun ƙungiya: kuɗin da ake ajiyewa daga ciniki don ci gaban lambun, ba na rabo ba.

Tambayoyin bita

1. Kawo filaye uku da ake gani babu gini a kansu amma bai dace a noma su ba, ka faɗi dalilin kowanne.
2. A wace shekara aka fara shirin Detroit, kuma me ya kawo ƙarshensa?
3. Wane irin fili hukumar Rosario ta fi ware wa manoma? Me ya sa?
4. Me ya faru da manoman Los Angeles a 2006? Wane irin izini ke hannunsu?
5. Faɗi abubuwa biyar da takardar aron fili za ta ƙunsa. Wanne ne bai kamata a sassauta a kansa ba?
6. Mene ne bambancin haɗarin ruwan kwata da na ruwan masana'anta?
7. Fili yana da tsawon mita 50 da faɗin mita 24. A cire kashi ɗaya cikin huɗu na hanyoyi. Fangali nawa mai murabba'in mita 12 za a samu? Lita nawa za su sha a rana idan kowane murabba'in mita na shan lita 5?
8. Gida mai manya bakwai, kilo nawa na kayan lambu da 'ya'yan itace yake bukata a rana bisa shawarar giram 400?
9. Wani ya ce lambun unguwa zai wadatar da gari da abinci. Yi amfani da Misali na 2 ka ba shi amsa.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, ku kasu uku-uku ku zaga unguwarku. Ku nemo fili ɗaya da kuke ganin yana zaune banza, ku auna shi da taku, ku tambayi dattawa biyu abin da aka taɓa yi a wurin, ku gano hukumar da ke riƙe da shi da ruwan da ya fi kusa da shi. Ku zo da amsoshin a rubuce, da su za mu tsara takardar neman aro a aji.